Ƙashin da Ke Ƙarƙashin Ƙasarmu: Lacca ga Ɗaliban Ajin Farko kan Asalin Ɗan Adam

  

Shekarun baya ina duba takardun jarrabawa, sai na ci karo da ta wata ɗaliba da ta fi kowa ƙwazo a ajinsu. Ta amsa kowace tambaya tsaf, amma da ta iso kan tambayar asalin ɗan Adam sai ta bar shafin fayau, ta rubuta layi ɗaya a ƙasa: "Malam ka gafarce ni, ba zan iya rubuta cewa kakana biri ne ba." Na sa aka kira min ita. Na ce, 'yata, wace rana kika ji na faɗi haka? Ta sunkuyar da kai, ta ce ai makonni ukun da aka yi ana wannan darasi ba ta leƙa aji ba, domin tun tana sakandare aka gaya mata abin da za a faɗa. A cikin wannan tarin takardu kuma akwai ta wani saurayi da ya cinye makin tambayar duka. Da na yaba masa sai ya ce, "Malam, haddacewa na yi na juye maka, ina fita na kakkaɓe rigata." Na daɗe ina juya maganar yaran nan biyu a raina. Ita ta guje wa abin da ba ta sani ba, shi ya rubuta abin da bai tsaya ya duba ba, dukansu sun fita yadda suka shigo. Maganar yarinyar ta taɓa ni, don abin da ke zuciyarta ta faɗa. Ta saurayin ce ta hana ni barci, don irinsa ne za su riƙe asibitoci da azuzuwa gobe. Saboda su biyun na karɓi gayyatar wannan lacca.

Mu fara da suna, don a nan ƙafar mutane da yawa ke zamewa. Wannan fanni wasu kan kira shi juyin halitta, wasu su ce rikiɗar halitta. Ina roƙonku ku ajiye kalma ta biyun. Bahaushe ya san rikiɗa: a tatsuniya mutum kan faɗa daji da daddare ya koma kura, gari na wayewa ya dawo mutum. Duk wanda ya shiga aji da wannan hoto a ka, dole ya ji ana raina masa hankali. Babu masanin da ya taɓa cewa wani biri ya kwanta ya wayi gari mutum. Abin da ake cewa ya fi haka sauƙi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan shi ne gado. Amma a cikin 'ya'yan barewa wani ya fi wani sauri, wannan shi ne bambanci. Wanda ya fi dacewa da dajin da yake ciki shi ya fi tsira har ya hayayyafa. In aka tafi a haka zuriya bayan zuriya, dubu bisa dubu, sai garken ya sauya kama, alhali babu ko ɗaya a cikinsa da ya sauya a tsawon rayuwarsa. Wannan ne Charles Darwin ya shimfiɗa a littafinsa na 1859, kuma wani ɗan ƙasarsu Ingila, Alfred Russel Wallace, ya kai ga wannan tunani shi kaɗai a tsibiran kudu maso gabashin Asiya.

Wanda ya tashi a ruga ko a gona ya riga ya san rabin karatun. Makiyayi ba ya haɗa Bunaji fari da Rahaji ja mai dogon ƙaho, ko Gudalin Sakkwato da Kurin tafkin Chadi mai kumburarren ƙaho. Zaɓen bijimin da zai hau shanu, shekara da shekaru, shi ya raba su. Geron da muke dama fura da shi daga wata ciyawar daji ya fito, wadda har yau tana tsirowa a bakin Sahara, tana zubar da ƙwayarta ƙasa da zarar ta nuna. Manoman farko suka riƙa ware zangarniyar da ke riƙe ƙwayarta suna ajiyewa iri, kuma an sami irin wannan gero na gida mai shekara kusan 4,500 a kwarin Tilemsi da ke Mali. Tambayar Darwin ita ce: abin da hannun manomi ya yi a 'yan dubban shekaru, me fari da cuta da yunwa da mafarauta za su yi a miliyoyi?

Sai maganar kaka da ta hana 'yata shiga aji. Ku dubi harshen da nake muku magana da shi. Masana harsuna sun sa Hausa a dangin harsunan Chadi, tare da Bolanci da Ngizimci da Angasanci, su kuma reshe ne na wani babban gida da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da Amharanci na Habasha da harshen Buzaye. Mu mun ce "mutu", Balarabe ya ce "mata". Mun ce "suna", ya ce "ism". Waɗannan ba aro ba ne irin "littafi" ko "alƙalami", gado ne daga tushe guda. Hausa ba daga Larabci ta fito ba, Larabci ma ba daga Hausa ba. Wani harshe ne da ya shuɗe ya haife su, kuma ba a taɓa yin ranar da uwa ta haifi ɗan da ba ta jin maganarsa ba. To haka masana halittu ke faɗa game da mutum da cimfanzi, birin nan marar wutsiya da ake samu a dajin Gashaka-Gumti na jihar Taraba: rassa biyu ne da suka rabu shekara miliyan 6 zuwa 8 da suka wuce, kowanne ya kama hanyarsa. Ɗan baffanka ba kakanka ba ne. Kana iya jin wannan bayani ka ce ba ka yarda ba, amma ka ƙi abin da aka faɗa, ba abin da aka ƙaga ba.

Yanzu mu je ga shaida, kuma ba za mu yi nisa da gida ba. Ranar 19 ga Yuli, 2001, a hamadar Jurab ta arewacin Chadi, wani matashi ɗan ƙasar mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, yana cikin ayarin bincike na Faransawa da 'yan Chadi da Michel Brunet ke jagoranta, ya ga wani ƙoƙon kai da iska ta yaye wa rairayi. Aka sa masa suna Tumai, wato fatan rayuwa a harshen Gorane. Shekarunsa sun kusa miliyan 7. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce cikin ƙaramar kwalbar lemo ɗaya ba, tamu kuwa ta kusa cika huɗu. Me ya sa ake danganta shi da reshenmu? Fiƙoƙinsa gajeru ne, ba irin na biri masu kama da wuƙa ba. Sannan in ka kifa ƙoƙon, akwai ramin da laka ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙashin baya. A dabba mai tafiya da ƙafa huɗu wannan rami yana can baya, a mai tafiya tsaye yana ƙarƙashi, don kai a ɗore yake kan wuya kamar tulu kan gammo. Na Tumai ya karkata wajen na mai tsayuwa. Kafin a same shi, manyan masana sun tafi a kan cewa labarin ya faro ne daga gabashin Afirka kaɗai. Ƙashi ɗaya daga maƙwabciyar jihar Barno, kilomita kusan 2,500 yamma da inda ake tsammani, ya sa aka koma aka gyara littattafai. Har yau kuma ana gardama a kansa: akwai ƙashin cinya da aka tsinta a wurin, wasu masana suka ce bai nuna tafiya tsaye ba, wasu a 2022 suka ce ya nuna. Za mu karanta hujjar ɓangarorin biyu a aji.

Daga nan sai ƙasusuwa su fara yawa. A Hadar ta Habasha, cikin Nuwamban 1974, Donald Johanson ya sami kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarangwal ɗin wata mace da Turawa ke kira Lusi, Habashawa kuma Dinkinesh. Tsayinta bai fi mita 1 da ɗan ɗoriya ba, kanta ƙarami, amma ƙugunta da gwiwarta na mai tafiya da ƙafa biyu ne, shekara miliyan 3.2 da suka wuce. Wanda ya fi ratsa ni shi ne sawun ƙafa na Laetoli a Tanzaniya. Dutse mai aman wuta ya zubar da toka, aka yi yayyafi, wasu suka taka suka wuce, tokar ta daskare. A 1978 ayarin Mary Leakey ya tono wannan sawu mai shekara miliyan 3.6. Ku kai wa kowane mai bin sawu na ƙauyenku hotonsa, zai nuna muku diddige, ya nuna muku babban yatsa a jere da sauran, ba a ware kamar na biri ba. Ƙafa ta riga kai: an yi fiye da shekara miliyan guda ana tafiya tsaye kafin ƙwaƙwalwa ta fara girma sosai.

Zan ratsa saura da sauri, don zangon karatu guda na gabanmu. Kayan aikin dutse a Gona ta Habasha, shekara miliyan 2.6. Yaron Turkana, wanda Kamoya Kimeu ɗan Kenya ya gano a 1984, dogo mai jiki irin namu daga wuya zuwa ƙasa, shekara kusan miliyan 1.5. Danginsa sun riga sun kai Dmanisi ta ƙasar Jojiya tun shekara miliyan 1.8. Masu fuska irin tamu kuwa, mafi tsufan da aka sani suna Jabal Irhud a Maroko, shekara kusan 300,000. Ku auna wannan lamba da abin da kuka sani. In muka ba kowace zuriya shekara 25, daga jihadin Shehu Usmanu na 1804 zuwa yau zuriya 9 ce kacal. Shekara 300,000 zuriya 12,000 ce.

Na ga hannu ya fara motsi a baya, na kuma san tambayar: wa ya ƙirga shekarun? Tambaya ce mai kyau, ɗalibin da bai yi ta ba bai fara karatu ba. Akwai sinadarai da ke narkewa su koma wani abu a kan ƙa'idar da ba ta sauri ba ta jinkiri, zafi ko sanyi ba ya taɓa ta. Wani nau'in kabon da ke jikin kowane mai rai, rabinsa kan ɓace duk shekara 5,730 bayan mutuwa. Da shi ake auna ƙashi da gawayi da itace, amma ƙarfinsa ba ya wuce shekara 50,000. Saboda haka duk wanda ya ce muku da kabon aka auna Lusi, bai san aikin ba. Ita da tokar dutse aka auna ta. A cikin tokar akwai wani nau'in fotashiyam da ke komawa iskar agon, rabinsa a shekara biliyan 1.25, kuma agogon na farawa ne daga ranar da tokar ta huce. In ƙashi na kwance tsakanin shimfiɗar toka biyu, ka auna ta ƙasa ka auna ta sama, ka san tsakanin da ya faɗa. Ɗakunan gwaji daban-daban a ƙasashe daban-daban sukan auna abu guda, kuma babu abin da ke faranta wa masani rai irin ya kama kuskuren ɗan uwansa.

Kada ku ɗauka ina cewa fannin bai taɓa yin abin kunya ba. A 1912 aka fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila, babbar ƙwaƙwalwa da muƙamuƙin biri, aka ce ga kakan mutane. Ya yi wa Ingilishi daɗi ya ji asalin mutum a ƙasarsa yake. Saboda wannan ƙashi, da Raymond Dart ya bayyana ƙoƙon wani yaro daga Taung ta Afirka ta Kudu a 1925, manyan Landan suka yi watsi da shi fiye da shekara 20. Sai a 1953 gwaji ya nuna Piltdown haɗi ne: kan mutum, muƙamuƙin wani biri na Asiya, an goge haƙoran da zarto an rina ƙashin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya kai shekara 41. Ku lura da abu biyu a nan. Son zuciya na iya rufe idon masani. Waɗanda suka tona asirin kuma masana ne, da kayan awo.

Abin kunyar da ya fi wannan muni a kanmu aka yi shi. Kun san hoton nan na jerin halittu daga biri mai rarrafe har zuwa Bature a tsaye; an yi zamanin da ake cusa baƙar fata a tsakiyar jerin. A 1906 an ajiye wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a gidan birai na gidan namun daji na Bronx a birnin New York, mutane suna zuwa suna kallo. Sarah Baartman ta Afirka ta Kudu ta rasu a Faransa a 1815, aka ajiye sassan jikinta a gidan tarihi, ba a mayar da ita gida aka binne ba sai 2002. Duk ɗan Afirka da ya ji ƙyamar wannan fanni yana da dalili, ni ma na ji. Amma ku ga inda binciken ya kai da aka bi shi da gaskiya. Kowane mutum biyu a duniya sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100 na DNA. Ɗan bambancin da ya rage ya fi yawa a cikin Afirka fiye da sauran duniya a haɗe, domin mutanen Turai da Asiya da Amurka zuriyar wasu 'yan tsirarun ne da suka fita daga nahiyar nan shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce. A hanya suka yi auratayya da mutanen Niyandatal, wani reshen ɗan Adam da ya shuɗe, shi ya sa Bature da Basine ke ɗauke da kusan kashi 2 cikin 100 na gadonsu. Svante Pääbo ya sami kyautar Nobel a 2022 kan wannan aiki. Launin fata kuwa maganar rana ce: baƙi garkuwa ne inda haskenta ke da ƙarfi, fari na taimaka wa jiki ya sami bitamin D inda take da rauni. Babu tsani, babu na sama babu na ƙasa.

Shaidar DNA a kan zumuncinmu da manyan birai tana da yawa, zan ba ku ɗaya. Gadon kowane mutum a naɗe yake cikin ƙunshi 23 bibbiyu, waɗanda ake kira kuromosom. Cimfanzi da gorila suna da 24. Ina ɗayan ya tafi? Kowane ƙunshi yana da alama ta musamman a bakinsa biyu, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware. Da aka duba ƙunshinmu na 2, sai aka ga wannan alamar baki a tsakiyarsa, biyu gaba da gaba, kuma rabinsa ya yi daidai da wani ƙunshi na cimfanzi, ɗaya rabin da wani. Duk wanda ya ga ƙulli a tsakiyar igiyar guga ya san igiya biyu aka haɗa.

Wani zai ce, Malam, duk wannan ina ruwansa da cikina? To mu shiga asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a zauren nan AS ne. Me ya sa cutar da ke kashe yara tun ba su girma ba ba ta ƙare ba, sai ma ta yi katutu a nan, ba a Ingila ba? Anthony Allison ya amsa a 1954 daga aikinsa a gabashin Afirka: mai AS yana da kariya mai ƙarfi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda sauro ke kisa, yaro mai AS ya fi mai AA damar girma ya yi aure, sai gadon ya yaɗu, farashinsa kuwa shi ne duk cikin da AS biyu suka samu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Najeriya ne, suka lissafa cewa wannan sauyi na harafi ɗaya tak a cikin DNA ya faru ne sau guda, shekara kusan 7,300 da suka wuce. Gwajin jini kafin aure da jihar Kano ta mayar doka a 2024 a kan wannan ilimi yake zaune.

Haka nono. Yawancin manyan mutane a duniya in suka sha madara ɗanya cikinsu kan murɗa, don jiki na daina narkar da sukarinta bayan yaye. Fulani da yawa kuwa suna sha har tsufa lafiya lau, domin dubban shekarun kiwo sun fifita masu wannan gado. Haka kulorokwin, wanda iyayenku suka sha suka warke. Ƙwayar cutar da ke jure masa ita ta rage ta hayayyafa, har Najeriya ta sauya magani a 2005. Duk majinyacin da ya ajiye maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwana na uku don ya ji sauƙi, ware iri yake yi kamar manomin Tilemsi, sai dai shi mugun iri yake warewa. Likitan da ya haddace wannan babi ya kakkaɓe riga ba zai iya bayyana wa majinyacinsa haka ba.

Na san abin da ke ranku tun da na fara, kuma ba zan kewaye shi ba. Ni Musulmi ne, na yi imani Allah ne Mahaliccin komai. Ba ni da hurumin ba da fatawa, ba kuma zan yaudare ku in ce babu wuri mai wuya ba. Akwai shi, yana kan halittar Annabi Adamu, alaihissalam. Mafi rinjayen malamai sun tafi a kan cewa an halicce shi ba uwa ba uba. Ƙashi da DNA kuma suna nuna jikin mutum yana da zumunci da sauran halittu. Ba yau malamai suka fara kokawa da wannan ba. Jamaluddin al-Afghani ya yi wa Darwin raddi mai zafi a 1881. Shaihu Husain al-Jisr na Tarabulus ta Labanan, a littafinsa Risalatul Hamidiyya na 1888, bai gamsu cewa an tabbatar da nazariyyar ba, amma ya ce in hujja yankakkiya ta zo, ba za ta rushe imanin wanda ya san Allah ne ke gudanar da ita ba. A zamaninmu Shoaib Ahmed Malik, a littafinsa na 2021, ya kasa ra'ayoyin Musulmi gida huɗu: masu ƙin abin baki ɗaya, masu karɓarsa ga dabbobi da tsirrai ban da mutum, masu keɓe Annabi Adamu shi kaɗai a matsayin mu'ujiza kamar haihuwar Annabi Isa ba uba, da masu karɓa ba togiya. 'Yan uwanmu Kiristoci da ke zauren nan su ma suna da irin wannan saɓani. Fafaroma John Paul na Biyu a 1996 ya amince da ƙarfin hujjar game da jiki, ya ce rai kuwa daga Allah yake kai tsaye.

Ba zan zaɓar muku gida ba, kuma babu tambayar jarrabawa da za ta ce me ka yi imani da shi. Abin da zan tambaya shi ne me aka samu, a ina, yaya aka auna, me ya nuna, me bai nuna ba. Kayan awona ba sa ganin ruhi, ba sa faɗin dalilin zuwanmu duniya, ba sa iya gwada mu'ujiza. Malamin kimiyyar da ya ce ƙashi ya nuna masa babu Mahalicci ya tsallake iyakar gonarsa. Mai wa'azin da ya ce ƙasusuwan nan duk ƙirar Turawa ce shi ma ya faɗi abin da bai sani ba, kuma ranar da ɗalibinsa ya gano haka a intanet shi kaɗai da tsakar dare, abin da zai girgiza ya fi maganar ƙashi. Na ga hakan ta faru, shi ya sa nake magana da zafi. Ku je wurin malamanku na addini, amma ku je da tambayar a gyare, ku kai musu ainihin abin da masana suka ce.

Akwai kuma wani ciwo da nake so ku ɗauka. Ƙasar nan tamu cike take, masu tono ne babu. 'Yan haƙar kuza a tsaunukan Jos sun fito da gatura na dutse irin na mutanen farko a Mai Idon Toro. Waɗancan gogaggun duwatsu da ake tsinta a gona ana cewa gatarin aradu, hannun mutum ne ya wasa su. A Iwo Eleru kusa da Akure, Thurstan Shaw ya tono ƙwarangwal a 1965 mai shekara kusan 13,000, wanda siffar kansa ke ɗaure wa masana kai har yau. A Gobero cikin Tenere ta Nijar, Paul Sereno ya je neman ƙashin dainoso a 2000, ya tarar da maƙabarta mai kabari kusan 200 a bakin tafkin da ya ƙafe, da ƙashin dorina da kada da giwan ruwa a tsakiyar hamada. A wani kabari mace ce da yara biyu rungume da juna. A Dufuna ta jihar Yobe, wani Bafulatani na haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8 da shekara kusan 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka, daga zamanin da tafkin Chadi ya kai tudun Bama. Ku sake duba sunayen da na lissafa tun ɗazu. Idon da ya fara gani sau da yawa na ɗan ƙasa ne, sunan da ke kan takardar bincike kuwa na baƙo. Ba na zargin baƙon da ya zo ya yi aiki. Ina tambayar inda 'ya'yanmu suke, kuma na san wasunsu a makonni ukun nan suka zame.

Ɗalibar nan ta maimaita darasin a shekara ta gaba, bisa zaɓinta. Ranar da muka fito da kwafin ƙoƙon Tumai na roba, ta karɓa ta kifa shi ta daɗe tana kallon ramin lakar. Sai ta ce, "Malam, abin da ya yi shekara miliyan 7 ƙarƙashin ƙasa, ta yaya aka san nauyi bai murɗe shi ya gusar da ramin ba?" Na ce mata ƙoƙon kuwa a murɗe aka same shi, kuma wannan ita ce tambayar da masana suka yi wa Brunet, har sai da aka ɗauki hotonsa da na'urar asibiti aka sake jera guntayen a kwamfuta a birnin Zurich, aka buga sakamakon a 2005. Ta rubuta, ta ce za ta nemo takardar ta karanta da kanta. Ban tambaye ta gidan da ta zaɓa cikin huɗun nan ba, har ta gama jami'a.

Wannan kwafin yana nan a ɗakin gwaji, da na Lusi, da na cimfanzi. Ranar Talata da ƙarfe 10 za mu haɗu a can rukuni-rukuni. Kowa ya zo da rula da fensir, don da hannunku za ku auna.

 Ga wata 'yata can a layi na uku hannunta na sama tun ɗazu, a fara ba ta abin magana.